Yadda Mang Teroy Ya Koya wa Sa Shan Giya

Duk ƙauyen da ya rasa mai cika baki, ya aiko mu ba shi namu kyauta, har mu haɗa masa da guzuri. Sunansa Mang Teroy. Kafin wani ya ce ƙiyayya ce ke sa ni magana, to mijin ƙanwata Pacing ne, kuma shekara da shekaru muna cin abinci tare ban taɓa ganin ya kai loma baki ba sai ya fara gaya mana yadda ake kai ta a ƙasar waje.

Ƙasar wajen kuwa ga tarihinta. Da ƙuruciya ya yi 'yan watanni yana wanke kwanuka a wani jirgin ruwa na dakon kaya. Jirgin ya taɓa tsayawa a Japan, ba a bar shi ya sauka ba, ta tagar ɗakin girki ya leƙa. Tun daga ranar ba abin da ake yi a faɗin lardinmu na Batangas da ya ƙara yi masa daidai, daga dashen shinkafa har ɗaura wando.

Allah da ikonsa, sai ya ba wannan mutum ɗa mai kunya. Pinong ke nan, yana tuƙa babur mai ƙafa uku, bai iya musu ba ko da fasinja. Abu ɗaya ya taɓa buɗe baki ya ce yana so a duniya, shi ne Ningning, 'yar Mang Berting mai gonar rake. Mang Berting kuwa mutum ne da ba ya dariya sai ya ga dalili, ba ya kuma magana biyu.

Ranar da muka je neman auren, ya bari muka sha kofi, ya bari Teroy ya gama labarin yadda ake neman aure a Japan, sannan ya ajiye kofinsa ya ce, "Iyayen biki takwas ne. Kowannensu cinyar alade guda, a kai masa har ƙofar gida jajibirin biki, kamar yadda aka yi a auren uwata, aka yi a na matata. Sauran naman a ciyar da gari. In sabit ya cika, ga Ningning. In bai cika ba, kowa ya riƙe ɗansa."

Ba wani sabon abu ya faɗa ba. Sabit dai, wato cinyoyin nan da ake kai wa masu tsaya wa ango da amarya a coci, dangin ango ke yankawa su kai, gidan amarya ko wuƙa ba sa ɗagawa. Pacing ma ta riga ta shirya, don tun da ta ga take-taken ɗanta ta sayi 'yan aladu huɗu tana kiwo a bayan gida. Aladu huɗu, cinya takwas, ko jaririn goye zai iya wannan lissafin. Dusar shinkafa, ɓawon ayaba, tuƙar kwakwa, ruwan wankin shinkafa, ba abin da ba ta zuba musu. Akwai wani mai tsagaggen kunne da ta fi ji da shi, don tun yana ƙarami waya ta yage shi, ita ta yi jinyarsa.

Teroy ya miƙe ya buga ƙirji. "Balae," in ji shi, wai har ya fara kiran mutum suruki, "sabit ɗin da zan kai, jikokinka za su ba da labarinsa."

Mang Berting ya ce, "Takwas dai."

Wata Juma'a Pacing ta tafi gaida wata gwaggonmu mara lafiya. Ko ƙurarta ba ta kwanta ba Teroy ya kira motar jif, ya loda aladu uku, ya nufi kasuwar dabbobi. Autan cikinsu ya tsira ne kawai don ya shige ƙarƙashin rumbu ya ƙi fitowa.

Da la'asar muna zaune a rumfar Aling Choleng mai kofi, wadda harshenta ya fi kofinta ɗaci, sai ga Teroy tafe yana jan wani jan sa, baki har kunne. Gaskiya daga nesa san ya cika ido, cikinsa tim kamar ganga.

"Ku tashi ku gaida Janar!" in ji Teroy. "Kuya Ambo," ya ce da ni, don haka ake kiran yaya a wurinmu, "taɓa ka ji. Aladu uku na bayar, dillalin har da hawaye da zai miƙo mini igiya."

Na ce, "Hawayen me?"

"Na rabuwa mana."

Bai rufe baki ba Janar ya tsaya cak a gaban rumfar, ya buɗe ƙafafu, ya fara fitsari. Ya yi, ya yi, ya yi. Muka shanye kofinmu, aka ƙara mana, yana yi. Kowa a nan ya san dabarar wasu dillalai: su ɗura wa sa ruwan gishiri da sassafe, ya kumbura, su nemi wanda Allah ya kawo. Muna kallo cikin nan ya riƙa saɓewa, ƙashin kwankwaso ya fito, haƙarƙari ya jeru.

Aling Choleng ta miƙo bokiti. "Mang Teroy, yi maza ka tara, aladunka ne ke bin kwata."

"Ke me kika sani?" in ji shi. "Jikinsa yake tacewa. Dabba mai asali haka take yi."

"To in ya gama tacewa, a wane aljihu za ka sa shi?"

Da Pacing ta dawo ta tarar da garke wayam, ba ta yi ihu ba. Ta tsaya ta dubi san, ta dubi mijinta, ta ce, "Teroy, cinya nawa ke jikin wannan?"

"Biyu."

"Da na autan alade?"

"Huɗu. Amma ki tsaya ki ji. Cinyar sa ɗaya in ta ƙoshi, uku za a raba ta, kowane kashi ya fi cinyar alade. Ke kin taɓa jin wanda ya kai sabit da naman sa a wannan yankin? Ni zan fara."

"Auren ɗanka ne fa."

"Shi ya sa ba zan yi shi irin na talakawa ba."

Ta ɗauki ludayi, shi kuma ya tuna yana da uzuri a waje.

Ɗura ba baƙon abu ba ce a wurinmu. Mai son sansa ya yi kitse yakan feƙe gora, ya kirɓa ganye, ya dama da dusa da gishiri, ya ɗaga kan dabbar ya ɗura mata safe da yamma, ya kuma haɗa da haƙuri. Teroy ya ce wannan kiwon kakanni ne. A Japan, in ji shi, abu uku ake yi wa sa: a ba shi giya, a yi masa tausa, a yi masa waƙa. Naman har narkewa yake a baki, ba sai an tauna ba.

Na ce, "Ka gani da idonka?"

"Kukun jirginmu ne ya gaya mini."

"Shi ya sauka?"

"Kuya, matsalarka ke nan, tambaya ta yi maka yawa. Shi ya sa har yau kake inda kake."

Ranar ɗurar farko sai da ya bi gida-gida yana gayyata, wai a zo a koya kyauta. Muka je, don ba a ƙin kallon irin wannan. Ya dama dusa, ya tuttula giyar kwakwa a ciki, ya cika gora, ya hau turmi, ya kama hancin Janar ya ɗaga sama, ya zura. San ya haɗiye, ya yi shiru, ya zaro ido. Teroy ya juyo gare mu ya buɗe baki zai yi bayani. Daidai nan Janar ya yi wata irin atishawa, ya dawo masa da kayansa duka, har cikin bakin. Turmin ya goce, Teroy ya zauna daɓas a cikin kwatarniyar damun.

"A Japan ma haka ake zama?" in ji Aling Choleng.

Ya tofar da dusa ya ce, "Giyar ce ta yi kaɗan."

Ya ƙara giya, kuma a nan ne kaɗai zan ba shi gaskiya, don ba a jima ba Janar ya daina gardama. Da ya hango gora sai ya miƙo wuya da kansa. Teroy ya ɗauko hayar akwatin waƙa mai lasifika da makirfo, irin wanda ake kaiwa gidan biki, ya girke shi kusa da turke. Safe da yamma sai ya kunna, ya gyara murya, ya rera waƙar soyayya ido a lumshe, sannan ya ɗura. Muryar Teroy kuwa, ko kajin unguwa sun rage ƙwai a watannin nan. Amma Janar ya gane: in lasifika ta yi ƙara, gora na tafe.

Bayan ɗura sai tausa. Ya shafe san da man kwakwa tun daga tozo har wutsiya, yana murzawa yana nishi. Abin da man ya yi kawai shi ne ya sa haƙarƙarin ƙyalli, har daga bakin titi kana iya ganinsa ɗaya bayan ɗaya. Ciyawa kuwa Janar ya daina ko kallonta. Ya sha, ya yi tangaɗi, ya jingina da bishiyar mangwaro, ya yi ta gyatsa. Tumbi ya yi gaba, sauran jiki ya yi baya. Teroy ya samo igiya yana auna tumbin, kullum ya kawo ta rumfa yana nuna mana ƙullin da ya ƙaru.

"Tumbi za ka kai wa iyayen biki?" in ji Aling Choleng. "Auna mana cinya."

"Daga ciki ƙiba ke farawa, sannan ta gangara."

"Naka tumbin shekara nawa, har yau bai gangara ba?"

Dusar autan alade ma ya so ya riƙa kwashewa, sai da Pacing ta koma kwana da buhun a ƙarƙashin gadonta.

Mu muna dariya, Pinong na ramewa. Wata rana ina gidan ya tsaya a bayan ubansa, yana murza hularsa a hannu, ya ce, "Tatay, lokaci na matsowa. Ko mu sayar da shi mu nemi ko alade biyu ne, sauran Kawu Ambo ya taimaka?"

Teroy bai ko ajiye makirfo ba, don haka duk unguwa ta ji amsar ta lasifika. "Ka ji ɗan yau! Ina ƙoƙarin in sa sunanka a tarihi, kana maganar alade. Halin dangin uwarka ka ɗauko, ƙaramar zuciya."

Yaron ya sunkuyar da kai ya fita. Na ji tausayinsa ƙwarai, na kuma ji kamar in ɗauki gorar nan in gwada ta a kan mai ita.

Ana nan sai Teroy ya ga ya kamata suruki ya ga abin da ake tanadar masa. Ya shafe Janar da mai, ya ɗaura masa jan ƙyalle a wuya, ya ja shi har gidan Mang Berting, ni kuma na bi don kada labari ya wuce ni. Muka tarar da maigidan a bayan gida yana zuba wa wasu aladu uku abinci, manya, sumul-sumul. Na dubi na tsakiyan, na ga kunnensa a tsage. Aladun Pacing ne.

Teroy ya leƙa garken ya taɓe baki. "Haba balae, wa ya cuce ka ya sayar maka da waɗannan? Ai irin banza ne. Dubi wancan, ko kunnen kirki ba shi da shi."

Mang Berting ya ce, "A hannun wani dillali na saya. Ya ce mai su na farko wawa ne."

"Ai da gani. Ni ko kyauta aka ba ni ba zan karɓa ba."

"To madalla."

Shi kuwa Janar ba aladu ne a gabansa ba. Ya kafa hanci a ƙarƙashin gidan, inda aka jera tulunan giyar rake da Mang Berting ya tanada don baƙin biki, yana shaƙa yana lumshe ido. Da ƙyar mu biyu muka janye shi.

Da za mu fita na ja Mang Berting gefe na ce, "Na gane kunnen nan."

Ya ce, "Nawa ne, saye na yi. Ranar bikin waliyyin gari zan kai su kasuwa. Maganata kuma tana nan, takwas."

Na gaya wa Pacing, ta je ta roƙe shi har da kuka. Ya ba ta kujera, ya ba ta kofi, ya ce shi da mijinta suka yi magana, kuma mijinta ya ce ko kyauta ba ya so.

Jajibirin biki, gari na wayewa ƙauye ya hallara a gidan Teroy kamar yadda aka saba. Maza da wuƙaƙe, mata da tukwane da albasa da tafarnuwa, an hura wuta, ruwa na tafasa, an shimfiɗa ganyen ayaba a kan tebura. Aka fara da autan alade. Kafin rana ta ɗaga an babbake shi, an feɗe, an rataye cinya biyu kyawawa, aikin hannun Pacing. Sai aka juyo kan Janar.

Ko Teroy ya san ba a yanka dabba da cikakken tumbi, don haka tun jiya bai ba shi komai ba sai ruwa. Abin da bai lissafa ba shi ne, wanda ya hana wa gora ba sa ba ne kawai, mashayi ne. Janar na tsaye ido jawur, jiki na ɓari, yana tonon ƙasa da kofato. Sai walƙiya yake, don maigidansa ya juye masa sauran man kwakwar duka saboda baƙi.

Mazan da suka saba kayar da shanu suka matso da igiyoyi za su ɗaure ƙafafu. Teroy ya daka musu tsawa. "Ku ja baya! Wannan ba irin shanunku ba ne da ake kokawa da su. Da murya ake kwantar da shi. Ku tsaya ku ga yadda ake yi a inda aka ci gaba."

Ya kwance igiyar daga turke ya ɗaura a ƙugunsa, wai don hannuwansa su sami sarari, wuƙa a dama, makirfo a hagu. Ya kunna akwati. Lasifika ta yi ƙara.

Janar ya ɗaga kai da murna, ya miƙo wuya, ya buɗe baki yana jiran gora. Ba gora. Teroy ya fara jawabi: "Jama'a, yau rana ce da tarihi..." San ya ƙara miƙo wuya, ya lashi hannun da ke riƙe da makirfo, ya shinshina aljihu. Ba gora. Ya yi wani irin kuka mai ban tausayi, sannan na ga ya juya hancinsa sashen gidan Mang Berting, kamar wanda ya tuna inda ya ajiye kaya.

"Teroy, kwance igiyar!" in ji Pacing.

"Kada kowa ya tsorata, yana..."

Sauran maganar a iska ya ƙarasa ta. Janar ya zabura, Teroy ya bi shi a kwance, wayar makirfo ta naɗe masa hannu, akwatin waƙa ya biyo su yana tsalle. Teburin albasa ya kife, tukunyar ruwan zafi ta tuntsure cikin wuta, hayaƙi ya turnuƙe, mata suka watse suna kiran sunayen waliyyai. Wani ƙato ya rungumi wuyan san, ya sulɓe ya faɗa kan tafarnuwa. Wani ya cafki wutsiya, ta zame masa kamar sabulu. Duk wanda ya taɓa Janar sai ya tashi da hannu mai maiƙo da baki cike da ƙasa.

Suka miƙe titi, sa a gaba, Teroy a tsakiya, akwati a baya, ƙauye guda na bin su da wuƙaƙe da ludaya. Akwatin mai batir ne, bai mutu ba, saboda haka duk ihun Teroy sai da lasifika ta isar da shi gida-gida: "Wayyo bayana! Janar, ni ne! Ni ne babanka!"

Da suka wuce rumfar Aling Choleng ta leƙo ta ce, "Mang Teroy, in ka isa Japan ka gaishe su!"

A gidan amarya an kafa ƙofar ganyen kwakwa, an yi mata ado da furanni, mata na goge kwanuka. Janar ya shige da ƙofar a ƙahonsa, ya zarce ƙarƙashin gida, ya tunkuyi tulu ɗaya ya fashe, ya kafa kai a na biyu. Kafin mu iso ya sha iya shansa, ya fito yana layi, ya durƙusa a tsakar gida, ya ɗora haɓa a kan cikin Teroy, ya fara minshari. Teroy na kwance ƙarƙashinsa, rabin wandonsa ya rage a hanya.

Mang Berting ya sauko daga matakala a hankali. Ya dubi ƙofarsa, ya dubi tulunansa, ya sunkuya ya matsa cinyar san da yatsu biyu, yatsun suka kusa haɗuwa. Wani tsoho cikin masu fiɗa shi ma ya taɓa, ya girgiza kai ya ce, "Wannan ko kare ka kai wa sai ya ce ka raina shi. Ga shi kuma naman duk giya, wa zai ci?"

Mang Berting ya ce, "Cinya nawa aka rataye a gidanku?"

Pacing ta amsa, murya ƙasa-ƙasa: "Biyu."

"To a gaya wa Fada kada ya wahalar da kansa gobe."

Daga tagar sama muka ji Ningning ta fashe da kuka. Dariyar da ke bakina ta gudu, don na dubi Pinong na ga fuskarsa ta yi fari fat. Yaron nan da ko ciniki bai iya ba ya ratso taro, ya kama hannun Mang Berting ya ɗora a goshinsa kamar yadda muke gaida manya, ya ƙi saki.

"Mang Berting, ni ban sayi sa ba," in ji shi. "Inay uwata ma ba ta saya ba. Aladun da ke bayan gidanka ita ta raine su da hannunta saboda wannan ranar. Kada ka hukunta mu uku saboda mutum ɗaya."

Mang Berting ya daɗe yana kallonsa, ya ɗaga kai ya dubi tagar, sannan ya ce, "Tun da aka kafa ƙauyen nan ba a taɓa yanka sabit a gidan amarya ba. In za a fara a kaina, to ba a ɓoye za a yi ba. A nan za a yanka aladun nawa. Ubanka zai saɓa kowace cinya a kafaɗarsa, ya kai kowace ƙofa, ya ce daga gidan Berting take. Gobe kuma ba zai zauna a teburin iyaye ba, ba zai yi jawabi ba."

Kun san jawabin nan tun kafin a sa rana Teroy ke haddace shi, har ya ɗinka farar rigar zaren abarba dominsa. Sai ga shi ya ture kan san, ya miƙe yana riƙe da sauran wando da hannu ɗaya, ya lalubo makirfo da ɗayan, borin kunya ya motsa.

"Ni? Ni zan yi dakon aladun banza? Jama'a ku shaida, hassada ce! An ga zan kawo ci gaba! A Japan, uban ango..."

Pinong ya saki hannun surukinsa, ya tako, ya zare makirfon daga hannun ubansa. Bai ɗaga murya ba, amma ya manta abin a kunne yake, don haka har masu wanki a bakin rafi sun ji.

"Tatay, ya isa. Duk ƙauyen nan sa ɗaya ne ke sauraronka, shi ma sai ya sha."

Teroy ya saki baki. Ya waiwaya ko wani zai tsawata wa yaron, ya ga har matarsa ƙasa take kallo. Tun da na san shi ranar ce ta farko da na ga ya nemi magana ya rasa.

Aka fito da aladun. Pacing ta tsuguna ta shafa kunnen nan mai tsaga, ta share ido da gefen zane, ta ce wa maza su yi aikinsu. Da rana ta karkata aka ɗauki sabit, Teroy a gaba cikin aron wando, cinya a kafaɗa, kitse na ɗiga masa a wuya, mu kuma a baya ba wanda ya yarda a bar shi a gida. A ƙofar farko ya yi ƙunƙuni cikin haƙora.

"Ba a ji ba," in ji Aling Choleng. "Ko a kawo maka makirfo?"

"Daga gidan Berting," in ji shi.

Uwar bikin ta karɓa tana yaba ƙibar naman, ta ce, "Kai, Berting ya iya kiwo. Mang Teroy, ya kamata ka je ka koya."

Haka ya bi ƙofa takwas, har da cinya biyun aladen da aka yanka a gidansa, don Mang Berting ya ce bai ga dalilin bambantawa ba.

Washegari aka ɗaura aure, aka ci, aka yi rawa, Pinong na murmushi kamar ba shi ba. Ni aka zaunar a kujerar uban ango, kuma jawabina bai wuce "Allah ya ba da zaman lafiya" ba, aka yi ta tafi. Farar rigar zaren abarba tana ninke a akwati. Mai ita yana bayan rumfa, hannun riga a naɗe, gaban tulin kwanuka, kuma in faɗi gaskiya ya wanke su tas, don wannan kam aikin da ya koyo a ƙasar waje ne.

Janar na nan da ransa, ba mai saye, ba mai yankawa. In ka bi ta bayan gidan da yamma za ka ji Teroy zaune kan turmi yana gaya masa yadda ake biki a Japan. Sai dai tun da Pacing ta fasa gorar ta hana giya, shi ma san juya masa baya yake yi.